Hanyar Gwanja da Yaƙe-yaƙen Ƙasar Bargu: Abin da Muka Tono a Paraku da Jugu

 

Mu 'yan babban aji ne aka ɗora wa shafin tarihi na littafin bana, kuma asalin abin wata kunya ce da muka sha. Ran nan Malam yana darasi sai ya jefo tambaya: a ina jama'ar Shehu Usmanu suka yi babban karo na farko da rundunar Gobir? Kafin ya rufe baki muka amsa baki ɗaya, Tabkin Kwatto, 1804. Ya ce madalla. To barikin sojan nan na garinmu da ake kira Sero Kpera, wane ne mai sunan? Aji ya yi tsit. Ya ce mai dokin nan da aka sa wa fili sunansa, Bio Gera, me ya yi? Wani ya ce wai sarki ne, wani ya ce ai sunan tashar 'yan zemijan ne. Malam bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, kun san tarihin inda kakanninku suka taso, ba ku san na inda suka sauke kaya ba. Daga nan muka shiga tambayar dattawa, muka karanta abin da muka samu, a hutu kuma muka je Jugu. Abin da muka fahimta shi ne, kusan duk wani yaƙi da aka yi a ƙasar nan a kan hanya aka yi shi: wa zai riƙe ta, wa zai karɓi kuɗin wucewa, wa kuma zai ɗauki kaya a ka.

Hanyar da muke nufi ita ce ta Gwanja. Goron da Bahaushe ba ya aure ko suna sai da shi, a zamanin da a dazukan Asante yake fita, cikin ƙasar Gana ta yau, ana kawo shi kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wato ƙarni na 15. Fatake sukan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, su ƙetare Kwara ta wajen Illo ko Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Paraku, su faɗa Jugu, daga nan su yi yamma ta ƙasar Kotokoli da Dagwamba har Salaga. Suna tafe da kanwa, turkuɗi, jar fata, gabu da dawaki, su komo da huhunan goro a kan jakuna. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya, wani ayarin sai ya kusa shekara bai ga gida ba. Wani Bature mai suna Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, dabbobin ma kamar haka. Ku kwatanta mutum dubu da jaki dubu sun sauka a bakin gari da la'asar, kowa na neman ruwa da itace da hatsi. Wurin saukar nan shi ne zango. Sunan unguwarmu ke nan, ba wani ya ƙirƙira shi a ofis ba.

Amma fa ba mu muka riga kowa ba, gaskiya a faɗe ta. Kafin Hausawa su yi yawa a hanyar, akwai Wangarawa, 'yan kasuwa Musulmi da asalinsu ya fito daga wajen Mali, sannan Dendawa, waɗanda harshensu reshe ne na Sangai. Shi ya sa har gobe a Kandi da Paraku da Jugu, Dendanci ne harshen cikin gari, kuma shugaban tsofaffin unguwannin Musulmi ake ce masa Baparape. Kasuwar Arzeke ma, in kun saurara da kyau, kalmar arziki ce. Mu da Dendawa duk daga rizƙu na Larabci muka aro ta.

Masu ƙasa kuwa su ne Bargawa, waɗanda ake ce wa Bariba, su kuma suna kiran kansu Batombu. Gidan sarautarsu Wasangari ne, mahaya dawaki, masu danganta kansu da Kisra, kuma manyan garuruwansu uku ne: Busa, Nikki da Illo. Abin da aka san Bargu da shi tun da can, ba ta ciwuwa da yaƙi. Askiya Muhammadu na Sangai, da duk ƙarfinsa, ya kawo mata hari wajen 1505, kuma Abdurrahman Assa'adi na Tumbutu ya rubuta a Tarihin Sudan cewa manyan mutanensa da yawa sun halaka a can. Bayan shekara 300 rundunonin Gwandu ma sun taɓa, ba su ci ƙasar ba. Dalili a fili yake. Daji ne mai duhu, doki ba ya sakewa, ga maharba a ɓoye da kibiya mai dafi. Wannan kibiyar dai ita fatake ke tsoro. Kowane sarki yana karɓar kuɗin wucewa da gaisuwa, ya ba da rakiya, amma 'ya'yan sarakin da ba su samu sarauta ba sukan tare ayari a daji. Wani tsoho ya ce mana kakansa yakan ce a Bargu biyan fito bai hana ka kwana da ido ɗaya a buɗe ba.

To yanzu ga amsar tambayar Malam. Sero Kpera sarkin Nikki ne. A zamaninsa daular Oyo ta Yarabawa tana tangal-tangal saboda Ilori, wadda ta zama masarauta ƙarƙashin tutar Gwandu. Alafin Oluewu ya nemi taimakon Bargu, Sero Kpera ya tara sarakuna da mayaƙa daga garuruwan ƙasar ya tafi. Yarabawa suna kiransa Eleduwe, yaƙin ma da sunan suke kiransa. Da farko nasara tana wajensu, har suka kai bakin Ilori, amma wajen 1837 aka karya su. Alafin ya mutu, Sero Kpera ya mutu, manyan Wasangari da yawa ba su komo ba, tsohon birnin Oyo kuma ya watse. Da muka kai nan sai wani a cikinmu ya ce, to Malam mu wa za mu goya wa baya, tunda Ilori 'yan tutar Shehu ne, Nikki kuma masu masaukinmu? Malam ya yi dariya ya ce yaƙin ya ƙare shekara kusan 200, ba a neman sojan haya. Ya ce mu dai duba abin da ya biyo baya. Abin da ya biyo baya kuwa shi ne Nikki ta raunana, garuruwan da ke ƙarƙashinta suka fara cin gashin kansu. Paraku, wadda ke zaune daidai mahaɗar hanyar Gwanja da hanyar kudu, ta yi ta samun dukiya daga ayari, har sarakunanta masu sarautar Akpaki suka zama ba a raina su. Fadarsu tana nan a Sinaguru. Da yawanmu mun sha wucewa ta gabanta a kan aike ba mu taɓa ɗaga kai ba.

Nikki kuwa har yanzu ita ce uwa. Duk shekara a watan Maulidi ana bikin Gani, sarki ya fito, a busa kakaki, a buga tambura, mahaya su zo daga ko'ina har daga Bargun Najeriya. Wanda kakanninsa Daurawa ne zai gane sunan, domin can ma Sallar Gani suke cewa.

Daga Paraku zuwa Jugu kilomita 130 da wani abu ne, motar haya ta kai mu kafin azahar. Jaki da kaya kuwa kwanaki yake yi. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ashe Jugu gari biyu ne a da. Akwai Kilir, inda fadar sarki take, gidan sarautar da asalinsa daga ƙasar Gurma ne, yana mulkin Yowa, mutanen ƙasa. Sannan akwai Wangara, garin 'yan kasuwa da malamai, mai ganuwa da ƙofofi, shi ne fatake ke ce wa Zugu. Sarki yana ba da tsaro da izinin zama, 'yan kasuwa suna biya, malamai suna yi wa fada addu'a da rubutu. Yau gine-gine sun haɗe su, sai an nuna maka kafin ka san inda wannan ya tsaya wancan ya fara. Mun nemi ganuwar, dattijon da ya raka mu ya yi ta nuni da sanda, nan ta bi, nan ta karkata, amma mu shaguna da gidajen siminti muke gani. Kurmin Kilir dai yana nan a tsakiyar gari da manyan itatuwansa.

A Jugu ne muka ji labarin da ya fi tsaya mana a rai, don mai labarin almajiri ne kamarmu. Sunansa Muhammadu Gado Baƙuaƙua, Turawa suna rubuta Mahommah Gardo Baquaqua. Gado sunan wanda aka haifa bayan tagwaye ne, irin wanda mukan ce wa Gambo. A Jugu aka haife shi, gidan Musulmi 'yan kasuwa, mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An sa shi makarantar allo, shi da bakinsa ya ce karatun bai dame shi ba, guduwa yake yi. (Da aka karanta mana wannan wurin duk aji ya juya ya kalli mutum ɗaya, ba za mu faɗi sunansa ba.) Ya koyi sana'ar ƙira wajen kawunsa, ya bi yayansa zuwa ƙasar Gwanja lokacin wani yaƙi a Daboya, aka kama shi, aka fanso shi. Daga baya ya shiga hidimar wani basarake kusa da Jugu. A nan ne wasu suka yaudare shi da giya, ya farka ya ga kansa a ɗaure. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku wajen Wida, a 1845 aka sa shi a jirgin bayi zuwa Barazil. Ya yi bauta a gidan mai gasa burodi, sannan a jirgin ruwa. A 1847 jirgin ya kai kofi birnin New York na Amurka, a can ya samu kuɓuta, aka tsallakar da shi Haiti, inda 'yan mishan suka yi masa baftisma. Ya yi karatu a Amurka, a 1854 aka buga labarin rayuwarsa a Detroit. Duk tsawon shekarun nan neman hanyar komawa gida yake. Labarinsa na ƙarshe a Ingila aka ji shi, 1857.

Mun daɗe a kan wannan don akwai abin da ba mu so mu tsallake. Hanyar da ta kawo goro da littattafai da malamai, ita ce dai ta ɗauki bayi, kuma ba Turawa kaɗai ke saye da sayarwa ba. In ka bar Jugu ka yi arewa wajen Kopargo, za ka hangi ƙauyukan Taneka a manne da duwatsu, ɗakuna ƙanana a cunkushe. Mutum ba ya barin fili mai noma ya hau dutse da tulun ruwa don nishaɗi. Mahara a kan dawaki suka guje wa. Wasu daga cikin waɗanda muke zama benci ɗaya da su a lakwal jikokinsu ne, kuma labarin da kakanninsu suka ba su game da ayari ba irin namu ba ne.

Sai zuwan Nasara. Faransawa sun gama da Sarki Behanzin na Dahome a farkon 1894, suka ɗago kai arewa suna son isa Kwara. Ingilishi kuma kamfaninsu yana da yarjejeniya da Busa, suna cewa duk Bargu tasu ce. Faransawa suka ce a'a, Nikki ce babba. Sai aka shiga tsere, wa zai riga samun sa hannun sarkin Nikki. Kyaftin Lugga, wanda daga baya ya ci Kano da Sakkwato, shi ya riga isa a farkon Nuwamba 1894, ya samu takarda ranar 10 ga wata. Amma ko fuskar sarki bai gani ba, ta hannun limamin gari aka yi komai. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki Kyaftin Decoeur na Faransa ya iso da sojoji masu yawa, shi ma ya samu tasa takardar, ya ce ta Lugga ba ta da inganci. Lugga kuwa a hanyarsa ta fita aka yi masa kwanton ɓauna, kibiya ta same shi a ka, sai dai kwanansa na gaba. A 1897 Faransawa suka dawo da bindiga, suka yi ta karo da mayaƙan Bargu kafin su shiga Nikki a ƙarshen shekarar. A shekarar dai suka daidaita da Jamus, Jugu ta faɗa hannun Faransa, Sansanin Mango ya tafi wajen Jamus. Ranar 14 ga Yuni 1898 kuma a birnin Paris aka raba Bargu biyu: Nikki, Paraku da Kandi na Faransa, Busa, Kayama da Illo na Ingila. Babu Babarge ko ɗaya a ɗakin. Iyakar da iyayenmu ke tsayawa a kanta da kaya a Cikanda, daga wannan takarda ta fito.

Lokacin ma ita kanta hanyar Gwanja ta fara mutuwa. Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sannan goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Fatake da yawa suka zauna inda dare ya yi musu, zango ya zama gida.

Bio Gera kuwa ɗan gidan Wasangari ne, an haife shi a 1856 a Gbasi. Abin da ya tayar da shi kowa ya san irinsa daga bakin kakanni: haraji, aikin tilas na share hanya da ɗaukar kayan kumandan a ka, sannan babban abin, diban samari zuwa yaƙin Turawa da aka fara a 1914. Ana zuwa gari a ce sarki ya ba da mutum kaza, a tafi da su, da yawa ba a sake ganinsu. A watan Agusta 1916 abin ya fashe a yankin Nikki, ya bazu zuwa Bembereke. Ku lura da wurin. Bembereke tana kan hanyar Paraku zuwa Kandi, ga duwatsu, wanda ya riƙe ta ya yanke arewa daga kudu. Bio Gera da mutanensa suka tare hanyar da kwari da baka da bindigar toka, sai da Faransawa suka turo runduna da manyan makamai. Ranar 17 ga Disamba 1916 aka kashe shi a Baura, kusa da Bembereke, aka sare kansa. Kabarinsa yana can. Ba shi kaɗai ba ne a lokacin. Mutanen Busa sun yi wa Ingilishi bore a 1915, a duwatsun Atakora kuma Kaba ya riƙe Faransawa har Afrilu 1917, lokacin da aka murƙushe mutanensa a Datawori. Gidan tarihin Natitingu yana ajiye da labarinsa. Ranar 30 ga Yuli 2022 gwamnati ta buɗe babban mutum-mutumin Bio Gera a Kwatano, kusa da filin jirgin sama, yana kan doki ya ɗaga ƙafafun gaba.

Mun yi gardama a aji kan ko mutanen zango sun taimaka wa Bio Gera. Gardamar ba ta yi nisa ba, domin kowa abin da ya ji a gidansu yake faɗa. Ra'ayinmu dai shi ne diban soja bai tambayi yaren kowa ba, kuma ɗan kasuwa da aka rufe wa hanya wata huɗu shi ma ya ji a jikinsa.

Bayan haka hanyar ta sake fuska. Jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, tsawon layin kilomita 438, a nan ya tsaya bai wuce ba. Saboda haka a wancan zamani kayan Nijar sai an sauke su a nan a ɗora wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya, wato Paraku ta sake zama zango, jaki ne kawai ya koma tirela. Ɗan garin nan Hubert Maga, wanda aka haifa a 1916, shekarar da aka kashe Bio Gera, shi ya zama shugaban ƙasa na farko ranar 1 ga Agusta 1960, tun ana ce wa ƙasar Dahome, kafin a sauya suna zuwa Benin a 1975. Jirgin fasinja ya daina zuwa, amma tashar tana nan, mai son gani ya je.

Akwai abu ɗaya da ya ɓata mana rai a wannan aiki. An kwatanta mana wani gida a Jugu da aka ce akwai tsofaffin takardun wani madugu, wasiƙu da lissafin bashi cikin ajami. Muka yi sallama, aka karɓe mu hannu bibbiyu, aka jawo adaka daga ƙarƙashin gado. Da aka buɗe, gara ta riga mu. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba, Malam ya iya karanta kalma uku ko huɗu, cikinsu akwai goro da Salaga. Mai gidan ya yi shiru, ya ce shekara goma da suka wuce lafiyarsu lau. A Paraku ma dattijo ɗaya da aka ce mana ya fi kowa sanin jerin zangunan da ke tsakanin Nikki da Jugu, mun sa ranar zuwa wajensa bayan Sallah, Allah ya yi masa rasuwa cikin azumi. Allah ya jiƙansa da rahama.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu, duk wanda yake da gafaka ko adaka ta gado mai takardu, ko da guntaye ne, ya sanar da Malam. Ba za mu ɗauke ko warƙa ɗaya daga gida ba, da waya za mu ɗauki hotonsu a gaban mai su, mu mayar yadda muka same su. Iyayenmu mata ma muna son zama da su, don kirarin gida da sunayen garuruwan asali sun fi zama a bakinsu. 'Yan ajin da ke bin mu sun karɓi aikin zuwa Nikki a watan Gani da Baura a kan hanyar dawowa, an ce kowa ya fara tara kuɗin mota tun yanzu.